Musayar baiti kan zari-rugar Ailan, Mayun 2023: Leinster ta tashi biyu babu, Munster ta ɗauko kofi daga Cape Town

Ɗan Limerick:
Salamu alaikum jama'a, yau ba dogon surutu baiti na kawo, kan kofin lig ɗin URC da Munster tamu mai jar riga ta ɗauko bayan ta fitar da Leinster mai shuɗiyar riga a semi a filin Aviva na Dablin. Taubashina na Dablin tun daren Asabar wayarsa a kashe wai ba caji, to ga saƙo in ya kunna ya gani. Amsa-amona wa ne, duk mai ramawa ya biyo ni a kai in ya isa

Bismillahi na ɗauko alƙalami,
waƙar jar riga nake rerawa.
Tun 2011 rabonmu da kofi,
shekara 12 muna ta daurewa.
Farkon kaka wasa 7 muka buga,
5 a ciki duk mun sha faɗuwa.
Har Dragons na Wales sai da suka taɓa mu,
'yan Dablin na gefe suna darawa.
Rowntree sabon koci bai karaya ba,
a hankali yara suna ta miƙewa.
Na 5 muka ƙare a teburin lig,
kowane wasa gidan wani muke kutsawa.
Mun je Glasgow mun ci 14 da 5,
mun zo Aviva ana ta rainawa.
Crowley ya saki ƙwallo ta taɓa ƙasa,
ya ɗauke ta da ƙafa tana lulawa.
16 da 15 aka hure usur,
masu shuɗi suka fara sulalewa.
Sai Cape Town har gidan Stormers,
masu kofin bara da suke son karewa.
Hodnett ya dire ta can a kusurwa,
19 da 14, sai ihu sai rawa.
Taubashi fito ka ba ni amsa,
ko har yanzu wayar ba ta kamawa?

Mai Shuɗiya:
Wa alaikassalam, waya lafiyarta ƙalau taubashi aiki ne ya riƙe ni. Na taya ku murna tsakani da Allah, amma tunda ka taɓo ni a gaban mutane to riƙe

Kofi ɗaya ka samu kake ta ihu,
wanda ya saba ai ba ya ruɗewa.
Wasa 18 muka yi a lig ɗin,
16 mun cinye babu tsayawa.
Ɗaya canjaras da Stormers a RDS,
ɗaya Pretoria, can ma yara ke bugawa.
Sau biyu mun doke ku kafin Mayu,
ɗaya har Thomond, ko kana mantawa?
A Turai Gloucester ta sha 57 da nema,
Leicester 55, sun koma suna kokawa.
Toulouse mai taurari 5 na kofin Turai ta zo Dablin,
41 da 22 ta juya babu waiwayawa.
Ku kuwa Sharks 50 suka zuba muku,
daga Durban kuka dawo kuna ɗingisawa.
Taurari 4 ne a ƙirjin rigata,
naku 2 tun 2008 babu ƙaruwa.

Auta:
Yayye ku yi haƙuri ni ɗan kallo ne, ƙwallon ƙafa na sani, wannan taku a waya kawai nake ganin guntayenta ana ta kokawa da juna

Ni dai ina bin ku ina karantawa,
lissafin nan ya ɗaure mini kai.
Wace ƙwallo ce ake cin 57,
ko gola ya tafi gida ne kawai?
Kuma ya na 1 ya tashi hannu wayam,
na 5 ya ɗau kofi? Ku faɗa min sarai.

Kawu Sarkin Baiti:
Hhh Auta Allah ya shirya ka, matso

Zari-ruga ɗana babu gola,
mutum 15 ne kowane ɓangare, ka ji dai.
Minti 80 ake gwabzawa,
da hannu baya ake miƙa ta kawai.
Ka dire ta bayan layi maki 5,
bugun ƙari 2 in ta ratsa sanduna daidai.
Fanareti 3, irin bugun Crowley ma 3,
shi ya sa ka ga lamba ta hau sosai.
Lig ɗin ƙungiya 16 ce, ƙasashe 5,
Ailan, Wales, Scotland, Italiya, ka riƙe a kai,
da Afirka ta Kudu, 8 na sama su ware,
sili ɗaya ƙwale, wanda ya faɗi ya fita sarai.
Na 1 a tebur gida yake samu,
ba kofi ake ba shi ba, fili ne kawai.

Anti Galway:
Kai jama'a wato in ana maganar Ailan sai a ce Leinster da Munster kamar larduna biyu ne kaɗai, mu Connacht da muka je Belfast muka fitar da Ulster wadda ta zo ta 2 ba wanda ya yi mana ko baiti ɗaya. Kuma ƙanena Mai Shuɗiya na ga ka lissafo Gloucester da Leicester da Toulouse ka yi birki, saura suna ɗaya fa ba ka faɗa ba, bari in taya ka

Mu na yamma ba mu da kuɗi,
koren riga, iska da ruwan sama.
Mun ci Ulster 15 da 10,
duk ƙafar Carty, ba gardama.
Stormers sun tare mu a semi,
mun karɓi ƙaddara ba tsuma.
Amma 2016 a Murrayfield,
wa muka doke? Ƙanena ka tuna ma.
Ka ƙirgo Turai ka tsaya a Toulouse,
ina La Rochelle, ko suna ya yi maka girma?
20 ga Mayu a cikin gidanka,
faɗa wa Auta yadda aka gama.

Mai Shuɗiya:
Anti wallahi kin fama min ciwo. Ina cikin filin ranar wasan ƙarshe na kofin Turai ɗin, ban gama gyara zama ba ko minti ɗaya ba a cika ba Sheehan ya dire ta farko, sai O'Brien, sai Sheehan kuma, minti 12 muna 17 su ba ko ɗaya, wani dattijo da ke gefena ya rungume ni ban san shi ba bai san ni ba har hular sanyina ta faɗi ƙarƙashin kujera, to daga nan fa sai ƙattin nan su Skelton da Atonio suka fara tafiya da mu a hankali a hankali, James Ryan ya fita da bugu a ka, Sexton dama yana jinya tun wasan Ingila na Maris, muka tafi hutu 23 da 14 amma duk mai ido ya ga inda iska ta juya. Bayan an tashi a tashar jirgin ƙasa ta Lansdowne Road ba ka jin komai sai waƙar masu tuta rawaya da baƙi, mu kowa kansa a waya

Minti 12 na ɗauka an gama,
ashe wasan bai ma fara ba.
Bayan hutu maki 3 muka ƙara,
ƙwallon ba ta zauna a hannunmu ba.
Duk wanda ya samu sai ya doka gaba,
su kuma ba su gaji da dawowa ba.
Colombe ya kutsa saura minti kaɗan,
Hastoy bai ɓarar da bugun ƙari ba.
27 da 26 allo ya nuna,
mun koma layinsu ba mu haƙura ba.
Muna ta turawa muna neman 5,
alhali 3 ma ba za ta ƙi isa ba.
Ala'alatoa ya faɗa kan mutum,
jan katin Peyper bai yi jinkiri ba.
Wannan ita ce gaskiya Anti,
ban ɓoye miki komai ba.

Ɗan Limerick:
Yawwa yanzu ka zo hanya taubashi, kuma kai da bakinka ka faɗi inda bambancin yake, maki ɗaya ne ya fitar da ku nan maki ɗaya ya fitar da ku can, cikin kwana 8 a fili ɗaya

Mu da muka ga lokaci ya ƙure,
Crowley ya ja baya ya nemi ƙafa.
Ku da kuka ga lokaci ya ƙure,
Byrne na tsaye ba wanda ya jefa.
3 ɗin da kuka raina ranar,
ita ce mako guda baya ta jefa ku a tsaka mai zafi fa.
Kuma kocin da ya hana ku barci,
O'Gara ɗan Cork ne, namu ne fa.
2021 ya tare ku a semi,
2022 Marseille ya sake ɗorawa a kafa,
bana ya biyo ku har tsakar gida,
sau 3 kenan, wa zai musa fa?

Anti Galway:
Ɗan Limerick baiti na 3 ɗin nan ya yi tsawo ya karye, ka matse shi haka nan don fa ta shiga, Kawu ka duba masa

Ɗan Limerick:
Anti mai kofi ba a duba masa ma'auni

Kawu Sarkin Baiti:
Za a duba ɗana, ko Earls da O'Mahony da suka ɗaga kofin da hannunsu in sun karya baiti sai mun faɗa. Amma ni ba bugun ƙarshe nake kallo ba, ina kallon takardar sunayen da Cullen kocin Leinster ya fitar don wasan Munster na 13 ga Mayu, nan aka yi asarar farko. Ƙwar biyar zan yi

Cullen ya duba gaba ya hango Faransa,
ya ce wa manya kowa ya huta abinsa,
ya tura na benci su tare maƙwabcinsa,
ya manta Munster ba ta sanin na gabansa,
taura biyu ba ta taunuwa a baki guda.

Da ya zuba manya ya ci na Asabar,
ko da Turai ta ƙi, yana da na nunawa a gari,
yanzu ga tebur ya yi kyau a takarda,
wata 8 ana ci babu ko garari,
an zo Mayu an rasa ko da guda.

Mai Shuɗiya:
Kawu da girmanka amma nan kam ban bi ka ba. Yaran nan su ne ƙashin bayan tawagar ƙasa da ta cinye wasa 5 cif a gasar ƙasashe shida a Maris, jiki ba ƙarfe ba ne, kuma ko wane koci ne aka ce ga La Rochelle nan da kwana 7 haka zai yi, na bencin nan su suka kai mu saman tebur tun farkon kaka lokacin da manya ke wajen tawagar ƙasa, kuma muna gaba 15 da 13 har saura minti 2 fa

Da bugun Crowley ya kauce taku ɗaya,
da yau Cullen gwani ne a bakinku.
Da Hastoy ya zame a kan ciyawa,
da tauraro na 5 na haska idonku.
Maki 2 jimilla suka raba mu da kofi 2,
ku yi dariya, amma ku yi lissafinku.

Ɗan Limerick:
Da da da, taubashi “da” ba ta ɗaukar kofi. Kuma zancen na benci kar ka fara, mu ma ranar babu Murray babu Snyman babu Fekitoa babu Nash, duk Glasgow ta ba su bugu a ka likita ya hana su, ku hutu kuka zaɓa mu dole ce ta sa

Kun ajiye naku don ganin dama,
mun rasa namu don ba yadda za mu yi.
Tun Afrilu muke kwana a jirgi,
Cape Town, Durban, Glasgow, ba hutun da muka yi.
Lancaster ya tattara sai Racing 92,
Nienaber za ku ɗauko ya gyara abin da kuka yi.
Shi ma ka bincika kafin Springboks,
a Munster ya zauna, aikin tsaro ya yi.

Mai Shuɗiya:
To sai me, ai ku kuka kasa riƙe shi shi da Erasmus suka koma gida suka ɗau kofin duniya a 2019. Ya gama da na Faransa ya zo, mu haɗu a Thomond a Disamba in kai baiti ne ni ma ban ajiye biro ba

Auta:
Na gode Kawu yanzu na gane, kuma na bi bayanin kowa na yanke shawara ba wanda ya saye ni

Yaya na Dablin ka yi min haƙuri,
Yaya na Limerick kai ma haka nan.
Anti koren riga ta yi kyau,
amma ba ita zan saka ba a nan.
Wanda aka ba 17 ya biyo ya kamo,
shi zan bi daga yau ɗin nan.
Duk mai zuwa gida hutun bana,
rigar La Rochelle babba, ina jira a nan.