Kai yara kallon kufai da ɗan jagora na kanku: wa ya taɓa gwadawa?

Maman Hanifa, Njamena
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Hutun Disamba in Allah ya kai mu za mu je Abeshe wajen surukaina, maigida kuma ya dage sai ya kai yara Wara su ga kufan fadar sarakunan Wadai. Yaran uku ne: babbar shekararta 11, mai bi mata 8, auta bai cika 4 ba. Abokinsa ya ce mu ɗauki ɗan jagora na kanmu da mota, kada mu jira a haɗa mu da wasu baƙi. Ni dai kuɗin nake gani kamar asara, tunda rusasshen bango ne za a je a kalla. Wanda ya taɓa kai yara irin wannan wuri, a nan Cadi ko a Kamaru, don Allah ya ba mu labari.

Alhaji direba, Abeshe
Wa alaikumus salam Hajiya. Sau biyu na kai iyalina Wara, kuma tafiya biyun ba su yi kama da juna ba ko kaɗan.

Nisan kamar kilomita 60 ne arewa da Abeshe, amma kada lissafin ya ruɗe ki. Ba kwalta, yashi ne da kwari, sai kat-kat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu. Zuwan farko na ce ai ni direba ne, wa zai nuna mini hanya a ƙasar Wadai? Muka isa, muka zagaya ganuwar, muka leƙa masallacin, yara suka jefi ƙadangaru, ba a yi minti ashirin ba ƙaramin ya ce Baba yunwa. Na dawo ina jin haushin man da na ƙona.

Zuwa na biyu wani dattijo ɗan ƙabilar Maba muka ɗauka, wanda aka haifa a wani ƙauye kusa da wurin. Da muka sauka bai ce musu uffan kan tarihi ba. Gorar ruwan da ke hannun ɗiyata ya karɓa, ya ce, in wannan ta ƙare, aka je rijiya aka tarar ta ƙafe, ta gaba ma haka, me za ku yi? Suka ce sai mu tashi. Ya ce to sarki ma haka ya yi, da dawakinsa da malamansa da matansa, shi ya sa kuke zaune a Abeshe yau. Daga nan yaran suka manne masa. Sai a lokacin ya faɗa musu Sarki Abdulkarim ne ya kafa daular wajen 1635 bayan ya kawar da mulkin ƙabilar Tunjur, Wara ta zama babban birni har ƙarni na 19 da ruwa ya gagara aka koma Abeshe. Ya sa kowanne ya shafa jan bulon ya gwada shi da tubalin gidanmu, su gane bambancin gasasshe da wanda rana ta busar. Awa biyu muka yi, ni ne ma na fara cewa a tafi.

Ku fita bayan sallar asuba. Rana ta ɗaga a tsakanin duwatsun nan, ko a Disamba ne, ba ta da sauƙi. Auta kuma ki bar shi gida wajen kakarsa.

Maman Walid, Njamena
Alhaji ban yarda da batun barin auta ba. Ni da goyo na je, na kuma riƙe mai shekara 3 a hannu. Amfanin jagora na kanka ke nan, in yaro ya gaji ka ce a tsaya a tsaya, ba wani baƙo da zai haɗe rai yana duba agogo. Abin da zan ce kawai takalmi rufaffe, ban da silifa. Kunama na son ƙarƙashin bulo, yara kuma da ɗage-ɗage.

Inna, Kusiri
Ɗiyata, kafin ku yi wannan doguwar tafiya ku gwada su a Gawi tukuna, ga ta nan a bakin Njamena, bai fi kilomita 10 ba. Ni daga Kusiri na kwashi jikoki biyar muka haye gadar Ngeli da safe, la'asar muna gida.

Tsohon gidan sarkin Kotoko ne aka mai da gidan tarihi, ginin ƙasa mai bene, kayan mutanen Sao, mazauna yankin na zamanin da, a ciki. Wani saurayi ɗan garin ya zagaya da mu, Larabci yake yi, yara duk suna ji. Ya ce Sao ƙatti ne, mutum ɗaya yakan saɓa giwa a kafaɗa, in ya yi magana a wannan gari sai a ji shi a wancan. Yara baki buɗe. Can ya kai mu gaban wasu manyan randuna ya ce a ciki suke binne matattunsu. Sai jikana ɗan shekara 9, mai bakin tsiya kamar ubansa, ya ce to in ƙatti ne yaya aka yi suka shiga randa? Na ji kunya kamar in nutse. Saurayin nan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ka kama ni. Ya ce zancen giwa tatsuniyar kakanni ce, amma randa gaskiya ce: naɗe mamaci ake yi kamar jariri a cikin uwarsa, a sa shi a randa, a kifa wata randar a kai. Da a cikin taron baƙi ne yaron nan ba zai buɗe baki ba, in ma ya buɗe ni zan rufe masa.

Sai dai ƙaramarsu ta kwana tana kuka, kwana uku ba ta yarda ta sha ruwan randar tsakar gida ba. Da na sani da na ja ta waje wajen mata masu ginin tukwane, don can ne ma 'yan matan suka fi jin daɗi, aka ba su yumɓu suka ɓata kayansu tas.

Malam, Garwa
Ni gargaɗi na zo da shi, don an cuce ni. Na so in kai 'ya'yana da na ƙanena Bidzar, kusa da Gider a kan hanyar Garwa zuwa Marwa, inda aka sassaƙa zane a jikin duwatsun marmara. Na je wani ofishi a cikin gari, ba zan kama suna ba, na biya kuɗin jagora tun kafin in gan shi. Suka haɗa ni da wani yaro mai tsabta da tabarau. Ashe shi ma ranar ce zuwansa na farko. Muna wuce Figil ya fara tambayar masu kilando, wato 'yan acaɓa, hanya. Da muka isa ya zaro waya yana karanta mana Faransanci, yaran da ko a lekol da ƙyar suke bin malami.

Wani tsoho Bagidare, ɗan ƙabilar yankin, da ke kiwon awaki shi ya cece mu. Da Fulatanci ya yi mana magana. Ya ce zanen ba ya fitowa da tsakar rana, sai rana ta karkata inuwa ta kwanta a cikin sassaƙar. Muka jira. Da la'asar kuwa sai ga da'irori, wata cikin wata, wasu a haɗe kamar ƙwaryar da aka jera. Ya ce kakanninsu a nan suka tarar da su. Ya nuna mana inda ake fasa dutse a kai kamfanin siminti, abin ya tsaya wa babban ɗana a rai, har yau yana maganar. Yara suka zauna a ƙasa suna kwaikwayon zanen da tsinke a kan rairayi. Na ba tsohon jaka biyu yana ta godiya, na farkon kuwa da ya ci ninkin ba ninkin ko kallonsa ban yi ba a hanyar dawowa.

Don haka kafin ki ba da ko dala, ki gan shi ido da ido, ki tambaye shi garinsu, ki ji yaren da zai yi wa yaranki. In da hali a haɗa da zuwa kwazazzabon Kola, yana nan kusa da Gider, amma da rani, kuma yaro a hannu.

Ɗan Mokolo
Malam ya yi gaskiya. A wajenmu akwai Diy-Gid-Biy, a duwatsun Mandara ta wajen Koza, gine-ginen dutse kan dutse ba laka ba siminti, da matakala da lunguna, wuri 16 ne gaba ɗaya. Da yaren Mafa sunan na nufin kufan gidan sarki. A Yulin 2025 UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya. Ni kawuna ya kai ni ina yaro, kafin fitinar Boko Haram ta shigo yankin. Abin da na riƙe shi ne bai taka wurin ba sai da muka gai da dattijon da ke kula da shi, don mutanen wurin suna girmama shi har yanzu. Hawan ba na ƙananan yara ba ne. Kuma a halin da ake ciki, ni nawa 'ya'yan ban kai su ba tukuna. Wanda ya matsu ya fara jin ta bakin jandarma da lawanin gari.

Baban Sadik, Marwa
Ku tafi da takardun haihuwar yara, a shinge ana tambaya. Kada kuma yaro ya ɗaga waya yana hoto kusa da masu kaki. Sannan ku caje aljihunsu kafin a shiga mota, nawa ya dawo da ɓallin tukwane cike da aljihu daga wani kufai, sai da muka juya muka mayar.

Maman Hanifa, Njamena
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Inna, mun bi shawararki, ranar Lahadi muka je Gawi. Na ja auta wajen masu tukwane kamar yadda kika ce, bai ga randunan ba. Hanifa kuwa ta cika shafi biyu na littafinta, ta kuma tsare babanta da tambaya ko kakansa da ya bi ta Abeshe a ƙasa zuwa Makka ya taɓa ganin Wara. Bai da amsa, ya ce a tambayi Hajiya Babba in mun je.

Batun auta har yanzu muna ja da maigida. Alhaji, dattijon nan naka yana nan da ƙarfinsa? In yana nan ka yi masa magana, ranar 26 ga Disamba muke so, bayan asuba.

Alhaji direba, Abeshe
Yana nan Hajiya, sai dai gwiwa ta fara damunsa, ba ya hawa tudu yanzu. Ba shi da waya, ranar kasuwa zan aika masa. Ku zo masa da shayi da sukari, ya fi son su da kuɗi, amma kuɗin ma a ba shi.