Sayen gida a Maradi: tsohuwar unguwa ko sabon kare (filin gida) a bayan gari?

Mai neman muhalli:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Shekara tara ke nan ina zaman haya a Sabon Gari, yanzu kuma Allah ya hore mini abin da zan mallaki gida. Dillali ya nuna mini wurare uku da kuɗinsu ya yi kusa da juna: gidan laka a Bagalam, ƙaramin gidan siminti a unguwar Zariya, da wani faffaɗan kare mai ɗaki biyu a sabon lotisma, wato inda aka yayyanka filayen gidaje, can bayan gari. Ina roƙon wanda ya zauna a irin waɗannan wurare ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Haifaffen Bagalam:
Wa alaikumus salam, ƙanena. A Bagalam aka yanke mini cibiya, kuma a nan na sayi gida. Daɗin tsofaffin unguwanni irin su Bagalam, Mokoyo, Limanci da 'Yandaka shi ne mutane: ranar da mahaifiyata ta rasu, kafin in dawo daga kasuwa maƙwabta sun shimfiɗa tabarmi sun aika a haƙa kabari. Sai dai gidajen nan galibinsu na gado ne, kuma a nan na sha wuya. Na biya kuɗi a hannun babban ɗa, bayan wata biyar sai ga ƙanwarsa da ke aure a Katsina ta ce ba a shawarce ta ba, kuma gaskiya ce ta faɗa. Sai da muka zauna gaban mai unguwa da limami, na ƙara abin da ban yi niyya ba, sannan magana ta mutu. Kada ka miƙa ko dala sai an raba gadon, kowane magaji ya sa hannu gaban shaidu. Ka kuma sani cewa gidan laka yana son yaɓe kafin kowace damina.

Uwargida daga Zariya:
Ɗana, mu da muka sayi ginannen gida a Zariya, abin da muka saya da tsada shi ne hutu, domin mun tarar da famfo da wuta a ciki, lakwal da asibiti kuma ba su yi mana nisa ba. Kuskurenmu ɗaya ne: da rani muka ga gidan, ƙofa a bushe tas. Da ruwan Agusta ya sauka sai muka gane cewa layinmu ne magudanar unguwar, har sai da maigida ya ɗaga dokin ƙofa da bulo uku. Da mun lura da kyau, alamar tana jikin katangar maƙwabta, inda siminti ya yi baƙi har kusan gwiwa.

Malamin lakwal:
Hajiya ta taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Garin nan kansa ruwa ne ya tashe shi: ambaliyar Gulbin Maradi ta 1945 ce ta sa aka bar kwari aka hau tudu, saboda haka duba gangaren ƙasa ba sabon abu ba ne a wurin Bamaraɗe. Ni kare na saya a bayan gari, don ina son fili inda yara za su sake, in kuma ɗaure tumaki biyu. Filin na samu, iska ma na samu, amma shekara biyu muna sayen ruwa wurin 'yan garuwa, dare kuwa sai fitila mai hasken rana. Abin da ban lissafa ba tun farko shi ne kuɗin kabu-kabu: ni zuwa aiki, yara uku zuwa makaranta, uwarsu zuwa kasuwa, kullum ta Allah, ga yashi da ke sa mai babur ya ƙara kuɗi ko ya ƙi shiga. Da na tara na wata guda sai na ga ya kusa kai hayar da na gudo. Duk da haka ban yi nadama ba, domin yanzu unguwar ta cika, wuta ta iso, karen kuma ya yi daraja, kamar yadda unguwar Ali Ɗan Sofo ta bunƙasa a gaban idonmu, ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a can.

Tsohon dillali:
Ɗana, na yi wannan sana'a da daɗewa, kuma kare ɗaya da aka sayar wa mutum biyu na gan shi ba sau ɗaya ba. Takardar shaidar mai gari a kan gona daban take da takardar kare da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa bayan an yi lotisma. Ka ɗauki lambar karen ka je da ƙafarka a duba sunan da ke cikin rajista, sannan ka sa mai awon fili ya nuna maka turakun iyaka huɗu. Mu dillalai la'ada muke nema, ba mu ne za mu kwana a gidan ba.

Mai neman muhalli:
Allah ya saka da alheri. Baba, na tambayi mai karen bayan gari takarda, ya ce tana hannun wansa a Yamai, sai bayan salla zai kawo ta, amma yana son in ba da rabin kuɗi yanzu don kada wani ya riga ni. Na ce masa zan jira takardar. Gidan Zariya kuwa, Hajiya, gobe da safe zan koma in duba katangun layin.