Mi yas sa ba a watsa murya kai tsaye, sai an yi modileshan?

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masu ilimin lantarki ku taimaka, jarabawa ta matso kuma kwas ɗin sadarwar analog ya hana ni barci. Tunda makirfo ya riga ya maida murya lantarki, mi zai hana a jona shi da eriya kawai a watsa? Sannan wanga samfuri 8000 a daƙiƙa da anka ce a samfilin, wato ɗibar sigina don a maida ta lambobi, daga ina anka samo shi

Injiniyan Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Matsalar eriya ce. Tsawon igiya shi ne gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, a raba da firikwansi, wato yawan kaɗawar igiyar a daƙiƙa, da ake aunawa da haz. Ɗauki murya mai haz 3000, tsawon igiyarta kilomita 100 ke nan, kuma eriya mai aiki tana son kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan tsawon, wato kilomita 25, to wa zai kafa ta? Amma in ka yi modileshan, wato ka ɗora muryar bisa igiyar dako mai megahaz 100 (haz miliyan 100), tsawon ya dawo mita 3, rubu'inshi santimita 75, wato kamar ƙarfen nan da kake ja bayan rediyo. Ga kuma wani abu, da kowace tasha za ta watsa murya yadda take da duk sun cakuɗe wuri guda ba ka iya ware Rima da sauran, amma da yake kowa da igiyar dakonshi sai ka murɗa ka zaɓa.

Modileshan ɗin rediyo da anka fi sani su ne AM da FM. A AM ƙarfin igiyar dakon ne ke hawa yana sauka yana bin muryar, firikwansi na nan daram. A FM ƙarfin bai motsi, firikwansin ne ke ɗan matsawa sama da ƙasa. Edwin Armstrong na Amurka ya yi ma FM rajista a 1933.

Baba mai gyaran rediyo:
Injiniya ya faɗi gaskiya, ni dai abin da hannuna ya sani zan ƙara. Da damina in hadari ya haɗo ka kunna matsakaicin zango na AM, kowace walƙiya sai ka ji ƙarrr cikin sifika tun kafin tsawar ta iso kunnenka, saboda hayaniyar bisa ƙarfin igiyar take hawa kuma AM nan ta aje saƙonta. FM ko a jikinta. Amma kada yaran yanzu su raina AM, FM ɗinku daga megahaz 88 zuwa 108 take kuma in ka yi nisa da gari sai shuuu, gajeren zango ko, wanda shi ma AM ne, sama yake bugowa ya dawo ƙasa, da shi mutanen ƙauye sunka daɗe suna jin BBC da Muryar Amurka.

Maman Ilham:
Baba Allah shi ƙara lafiya. Ɗan Mabera, zancen 8000 ɗin ƙa'idar Nyquist da Shannon ce, dole saurin ɗibar samfuri ya wuce ninki biyu na firikwansi mafi girma da ke cikin siginar. Layin tarho yana ɗaukar murya daga haz 300 zuwa 3400, ninki biyu 6800, sai anka kai shi 8000 don a bar ma matata (mai yanke firikwansin sama) fili tunda babu matatar da ke yankewa cif. Kowane samfuri bit 8, ka ga bit 64,000 a daƙiƙa. Faifan CD kuwa samfuri 44,100 ne a daƙiƙa don kunnen mutum na kai wajen haz 20,000. In ka ɗiba ƙasa da ƙa'ida sautin sama sai ya fito da kamar na ƙasa, kuma ba gyara bayan nan. Ɗauki bidiyon fanka da wayarka tana gudu, wani lokaci za ka ga kamar baya take juyawa, shi ne dai.

Ɗan Mabera:
Kai na gode ƙwarai, Allah shi saka. To Anti in siginar ta kai haz 5000 kuma 8000 gare ni fa?

Maman Ilham:
Za ta fito maka a 3000, wato 8000 a cire 5000. Shi yas sa ake sa matatar kafin ɗibar ba bayanta ba, malamai na son wagga tambaya ƙwarai don haka ka riƙe ta.