Na samu 6 bisa 20 a shimi organik, yaya zan yi kafin ratrafaj?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shekara ta biyu a fannin shimi, nan Maraɗi. Jiya aka liƙa sakamako, na ga 6 bisa 20 a gaban sunana. Wallahi ba wasa na yi ba. Littafin darasi shafi tamanin na haddace shi kamar yadda na haddace izu biyu a makarantar allo, har fada na daina zuwa shan shayi. Amma da aka raba takarda, sai ga (S)-2-bromobutane da NaOH, wai a zana yadda abin yake gudana, a faɗi abin da zai fito. A littafina misalin da bromomethane aka yi shi. Na zauna ina kallon takarda har gumi ya jiƙa ta. Saura mako uku a yi ratrafaj, wato jarrabawar karo na biyu ga waɗanda suka faɗi. Waɗanda suka wuce wannan gada, don Allah a taimaka.

Yaya Mai Lisansi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni 7 na samu a karon farko, don haka kada ka ji kunya. Ciwonka hadda ce. Malami ba zai taɓa maimaita misalin aji ba, zai canja maka kaya ya ga ko ka gane hanya.

Tambayar nan ba ta da wuyar da kake gani. OH⁻ ɗin da ke cikin NaOH yana da rarar elektron, kabon ɗin da ke riƙe da brom kuma yana da ƙarancinsu, saboda brom ya ja su wajensa. Mai rara ne kullum yake kai wa mai ƙaranci hari. Ta gaba brom ya tare hanya, sai ya zagayo ta baya, brom ya fice a daidai wannan lokacin, sauran hannuwa uku su kife kamar lema a iskar farkon damina. Wannan ita ce SN2, kuma kifewar ce ake kira juyin Walden, tun 1896 aka gano ta. Ka shiga da S, ka fito da (R)-butan-2-ol; R da S siffofi biyu ne masu kama da hannun dama da na hagu. Da a ce kabon ɗin yana riƙe da wasu kabon uku, wuri ya cushe, babu hanyar baya, sai brom ya fara tafiya shi kaɗai. Nan ka shiga SN1, kuma in kabon ɗin mai hannun dama da hagu ne, R da S za su fito a gauraye.

Abin da ya cece ni: magarya da tsinken sakace. Na sayo ta dala ashirin a bakin kasuwa, ƙwaya ɗaya kabon, tsinke huɗu hannuwansa, na shafa wa sauran tawada kala-kala. Dare biyu ina juya su a hannu. Tsohuwata har ta tambaye ni ko na koma bokanci.

Malam Mai Alli:
Ɗana, na daɗe ina gyaran takardun ɗalibai, bari in gaya maka inda maki yake zubewa. Kabon mai hannu biyar. Da na gan shi, jan biro ya sauka, ko sauran aikin ya yi kyau. Kabon hannu huɗu gare shi, ka ƙirga su duk lokacin da ka ja kibiyar da ke nuna tafiyar elektron. Sai ita kibiyar kanta: daga inda elektron suke take tashi. Rabin aji suna fara ta daga H⁺, alhali shi ba ya da ko ɗaya da zai bayar.

Kuma ka riƙa karanta abin da aka rubuta a saman kibiyar tambaya. Wannan 2-bromobutane ɗin, in aka ce KOH cikin alkol da zafi, labari ya sauya, but-2-ène ne zai fi yawa, bisa ƙa'idar Zaitsev. Haka propène da HBr, Markovnikov zai ba ka 2-bromopropane, amma a ɗiga peroxyde sai brom ya koma bakin sarƙa. Kalma ɗaya ce, maki huɗu.

Ka nemo tambayoyin shekarun baya wajen masu fotokofi, ka rufe littafi, ka sa agogo awa biyu.

Hajiyar Labo:
Duk gaskiya ne, amma ni ban yarda a jefar da hadda gaba ɗaya ba. Sunaye dole a haddace su, meth, eth, prop, but, da jerin fifiko na Cahn, Ingold da Prelog, wanda da shi ake gane R daga S. Kuma ku samu ku uku kuna yi wa juna bayani da baki. Ni sai da na yi wa goggota bayanin yadda man gyaɗa da soda suke zama sabulu, sannan na gane ester, wato rukunin sinadaran da mai yake ciki, da kaina. Ta ce ita shekara talatin tana yi ba tare da kibiya ba.

Ɗan Bagalam:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na duba takardar gwajin da na fito da ita daga jarrabawa, kabon mai hannu biyar har guda biyu na gani. Yaya, magarya ta yi wuya yanzu, na sayo aduwa, ita kuma tsinke ba ya shigarta. Gobe zan gwada da ƙullin fulawa. Wajen gane R ko S, in H ɗin ya fuskanto ni maimakon ya koma baya, juya amsar kawai zan yi, ko sai na sake zanen?