ASUU: yajin aikin ɗalibi ne ko na aljihu?

Kawu Tukur: Na faɗa jiya a wurin ɗaurin aure Habu ya ɓata rai, to bari in maimaita kowa ya ji. Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, na aljihu ne, sunan ilimi kawai ake fakewa da shi. Daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba 2022, wata takwas cur, Zainab na gida tana taya uwarta ƙullin kunun aya. Ɗakin da na kama mata a bakin makaranta kuɗin shekara na biya, mai gidan ya ce ko kwabo ba ya dawowa. Da aka koma kuma wace magana muka fara ji? Albashin da aka riƙe.

Habu: Allah ya huci zuciyar Kawu. Ranar da ka kai wa Zainab ziyara, ka ɗaga kai ka karanta abin da ke jikin sababbin gine-ginen. TETFund za ka gani, asusun tallafa wa manyan makarantu. Asalinsa yajin aikin 1992 ne, lokacin Attahiru Jega na shugaban ƙungiya. Babangida ya haramta ta, amma ƙarshenta dole aka zauna, kuma ASUU ce ta kawo shawarar a riƙa cire kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni a zuba a ilimi. Aka yi dokar a 1993, a 2011 asusun ya koma TETFund. Ba a biyan albashi da kuɗin nan.

Sadiƙ: Amma da su aka riƙa tura ku digirin digirgir Malesiya da Ingila, Yaya Habu. A faɗi wannan ma.

Habu: An tura. Mu dawo mu koyar da wa?

Sadiƙ: Waɗanda suka dawo ke nan. Ni dai wata tara na 2020 ya ci ni, wata takwas na 2022 ya ƙara. Karatun shekara huɗu ya zama shida. Abokina da muka gama tare shekarunsa sun haura 30, sai takardar yafe hidimar ƙasa aka miƙa masa, ko kakin bai saka ba. Je ka ba shi tarihin 1992.

Goggo Rabi: Tukur, ni abin da ban gane ba, yaushe neman haƙƙin aljihu ya zama abin kunya? Shekara talatin na yi ina aikin jinya, duk ƙarin da na taɓa gani a albashina sai da ƙungiya ta yi tsaye. Malamin da bai ci ya ƙoshi ba, rabin hankalinsa na gonar kaji. Inda nake da ja da Habu daban ne. Kun bar jaki kuna dukan taiki. Wanda ya ƙi cika alkawari ɗansa na jami'ar kuɗi ko yana ƙasar waje, ko shekara kuka yi a rufe bai rasa barci ba.

Habu: Goggo, to a nuna mana wata ƙofar. Yarjejeniyarmu da gwamnati ta 2009 cewa aka yi duk shekara uku za a sabunta ta. Aka kafa kwamitin Babalakin a 2017, aka yi na Munzali Jibril, aka yi na Nimi Briggs, kowanne ya sha shayi ya tashi. A 2013 an yi alkawarin naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida don gyaran jami'o'i, biliyan 200 ta farko ce ta fito da daɗin rai. Wasiƙa mun rubuta, sarakuna da malamai mun je wurinsu. Sai an ga ƙofa a garƙame ake kiran taro.

Kawu Tukur: A 2022 an garƙame, me aka samu? Ngige, ministan ƙwadago na lokacin, ya kai ku kotun ma'aikata, kotu ta ce ku koma, aka yi wa kishiyarku CONUA rajista, aka ce ba aiki ba biya. Kun koma hannu rabbana.

Habu: A Disamba 2023 an amince a cire jami'o'i daga IPPIS. Daga baya an biya wata huɗu cikin takwas.

Kawu Tukur: Alhamdu lillahi, da bakinka. IPPIS tsarin biyan albashi, wata huɗu albashi. Ina Zainab a ciki?

Habu: Tana ciki, Kawu. Sashen da ba shi da farfesa aro yake yi daga wata jami'a, kuma IPPIS bai san malamin aro ba. Ba a biya shi ba, ya daina zuwa, darasin ya mutu. Sannan wa ya fi ASUU ƙin a mayar da jami'ar gwamnati ta kuɗi? Da mun yarda a ɗora wa iyaye, da tuni albashinmu ya ninka, kai kuma kana sayar da fili.

Sadiƙ: Ai kuɗin rajista sun tashi a 2023, ban ga an rufe makaranta wata takwas a kai ba.

Goggo Rabi: Nan kam yaron nan ya kama ka, Habu.

Habu: Mun yi magana, Goggo. Mutanen da suka yi wata takwas ba albashi ba su da ƙarfin wani sabon yaji. Ban ce mun yi daidai ba.

Zainab: Baba, a yi haƙuri in sa baki. Malamin da ya duba mini aikin kammalawa, lokacin yajin nan da motarsa yake lodin fasinja a tasha, na gan shi da idona, na juya baya don kada ya ji kunya. Da muka koma bai taɓa fashin aji ba. Ɗakin da yake koyar da mu kuwa mun fi ɗari uku, wasu a taga suke tsayawa, tun kafin yajin har bayansa.

Kawu Tukur: Ke kuma wane ɓangare kike?

Zainab: Ɓangaren kuɗin ɗakinka, Baba.

Kawu Tukur: An kira la'asar. Habu, kada ka gudu, akwai sauran maganar alawus ɗin nan naku.