Neman shawara: in bar WinForms in koma sabon salo, ko in dakata?

Mai tambaya, Kura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai manhajar lissafin shago da na rubuta da harshen kod na C# da WinForms, wato tsohon kayan aikin Microsoft na gina fuskar manhaja a Windows, masu sayar da taki da iri da maganin feshi a Kura da Bunkure da Garun Malam ke aiki da ita wajen shigar da kaya, rubuta bashin manoma da fitar da rasit. Kwamfutocinsu 'yan gwanjo ne, yawanci ram giga 4, wasu Windows 7 wasu Windows 10, wutar kuma ta sola ce ko janareta. Ana ta ce mini WinForms ya mutu, in sake komai da sababbin kayan gina manhaja irin Electron ko WinUI. Da gaske sababbin nan za su kori tsofaffin? In kama sabon rubutu kafin noman rani, ko in dakata?

Amsa daga Ringim:
Wa alaikumus salam ƙanena. Dakata tukuna. WinForms ya fito a 2002. A 2006 Microsoft ya kawo WPF, a 2015 UWP, a 2021 WinUI 3, duk kayan gina fuskar manhaja ne, kuma kowanne da ya zo sai a ce tsohon ya gama yayi. Har yau WinForms yana nan. A 2018 ma Microsoft ya buɗe kod ɗinsa ga kowa, kuma tun .NET Core 3.0 na 2019 yake cikin kowane sabon .NET, wato dandalin da manhajojin C# ke gudana a kansa. Wanda aka binne shi ne Silverlight, wanda WinForms ya girme shi, an daina tallafa masa a 2021. A Java ma haka: an kawo JavaFX don ya gaji Swing, sai ga shi a JDK 11 JavaFX aka cire daga ƙunshin, Swing ya zauna. Dalilin a fili yake. Bankuna da asibitoci da masana'antu sun jibge manhajojinsu a kan tsoffin, kuma saboda waɗannan manhajojin suke ci gaba da sayen Windows.

Kwamfutar mai shago ce za ta yanke maka hukunci. WinUI 3 ba ya tashi sai a Windows 10 sigar 1809 zuwa sama. Electron ya saki Windows 7 daga siga ta 23, Qt 6 ma ba ya hawa kanta. Amma .NET Framework 4.8, tsohon .NET ɗin da WinForms ke aiki a kansa, yana hawa Windows 7 in tana da SP1, a Windows 10 kuwa daga sigar 1903 yana ciki tun asali. Sannan kowace manhajar Electron tana ɗauke da Chromium (injin burauza) da Node.js (mai gudanar da kod ɗin JavaScript) nata na kanta, fayil ɗin girkawa yakan doshi mega 100, kuma a ram giga 4 da tsohon faifai mai juyawa sai mai shago ya tsaya yana jira ta buɗe alhali manomi na tsaye da kuɗinsa a hannu. Taka kuwa 'yan megoci ne da za ka tura ta WhatsApp.

Amsa daga Dambatta:
Malam na Ringim ya yi gaskiya, amma kada mu sa yaron nan ya miƙe ƙafa. Tallafin Windows 7 ya ƙare a Janairun 2020, na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma .NET Framework gyaran tsaro kawai yake samu, sababbin abubuwa duk suna sabon .NET. Abin da zai fara matsa maka lamba ma waya ce, ranar da mai shago zai so ganin cinikinsa yana gona. Nan ne MAUI ko Avalonia ko Flutter, masu gina manhajar da ke aiki a waya da kwamfuta, ke da amfani.

Saboda haka aikin da ke gabanka shi ne raba lissafi da fuskar manhaja. Buɗe sabon ɗakin kod a kan .NET Standard 2.0, wanda tsohon .NET da sabon duka suke karantawa. Kwashe lissafin riba da bashi da ragowar buhuna da duk maganar ma'adanar bayanai daga bayan maɓallai ka mayar can, fom ɗaya bayan ɗaya, kana gwadawa. Fom, wato tagar da mai shago ke gani, ya zama karɓa da nunawa kawai yake yi. Duk ranar da ka so sauya fuska, ita kaɗai za ka sake.

Amsa daga Gumel:
Ɗan'uwa, yawancin abin da ke sa a ce manhajar WinForms ta tsufa gyara ne na yini guda. In rubutu yana dishi-dishi a sabon allo, kunna saitin PerMonitorV2 a fayil ɗin saituna na app.config, yana aiki daga .NET Framework 4.7 a Windows 10, ka mayar da AutoScaleMode zuwa Dpi. In tana sandarewa lokacin fitar da rahoton wata, to ka ɗora aikin ne a zaren, wato layin aikin, da ke zana fuska, sai ka janye shi da async da await ko BackgroundWorker.

Wanda ya fi damuna shi ne ɗaukewar wuta, don batirin 'yar gwanjo ba abin dogaro ba ne. In ma'adanar bayanai ta Access kake ajiya da ita, wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, fayil ɗin na iya lalacewa, bashin mutane ya bi ruwa. Koma ma'adanar SQLite, kowane ciniki ka naɗe shi a mu'amala guda, ko ya shiga duka ko kada komai ya shiga, sannan manhajar ta riƙa kwafe bayanan zuwa filasha duk lokacin rufe shago.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, yayyena. Saura ɗaya: a rasit, ƙ da ɗ da ɓ da alamar naira suna fitowa alamar tambaya. Laifin WinForms ne?

Amsa daga Gumel:
A'a, WinForms yana gane Unicode sarai, wato tsarin da ya ƙunshi haruffan harsunan duniya, tsohon harshen kod na VB6 ne ke da wannan ciwon a akwatunan rubutunsa. Laifin ƙaramar firintar rasit ne. In ka tura mata rubutu tsagwaronsa da umarnin ESC/POS, wato yaren da firintocin rasit ke ji, da teburin haruffan da ke cikinta take bugawa, kuma babu haruffanmu masu lanƙwasa a ciki. Ko Electron ka koma haka za ta yi. Zana rasit ɗin a matsayin hoto, faɗin ɗigo 384 ga takarda mai milimita 58, ko 576 ga yawancin masu 80, ka tura hoton. Ko kuma ka bi ta direbanta da PrintDocument, da font irin Arial ko Segoe UI, amma gwada a kwamfutar Windows 7 ɗin kanta kafin ka raba wa shaguna.