Neman kalmar Hausa: ruwan da ke mayar da tsatsa baƙa

Mai Fassara: Assalamu alaikum, malamai. Ina da shiri a rediyo ranar Alhamis, kuma rahoton da aka ba ni in fassara yana magana ne a kan masu farfaɗo da tsofaffin na'urorin wasan da ake jefa wa tsabar kuɗi, irin su Space Invaders da kamfanin Taito na Japan ya fitar a 1978, da Pac-Man na 1980. Jikin akwatin katako ne, amma ƙofar jefa kuɗi da ƙafafu da kusoshi duk ƙarfe ne, kuma daɗewa a wuri mai danshi ya sa tsatsa ta ci su. Kankarewa da burushin waya da jiƙa ƙananan kusoshi a ruwan khal ba su ba ni wahalar fassarawa ba. Inda na cije shi ne "rust converter".

Malamar Kimiyya: Wa alaikumus salam. Kada ka ce "mai cire tsatsa", domin ba cirewa yake yi ba. Ana kankare ɓawon da ya tashi, a wanke maiƙo, sannan a shafa shi a kan ragowar tsatsar da ta manne. Sinadarin tanin da ke cikinsa sai ya haɗu da ita, ta rikiɗe ta zama baƙin shafe mai tauri wanda fenti zai iya zama a kai. Ina ganin "mai sauya tsatsa" ya wadatar.

Tsohon Mai Walda: Ɗana, mu a bakin aiki cewa muke yi an kashe tsatsa. Ka ce "maganin kashe tsatsa", kowa zai gane.

Malamin Harshe: Ku yi haƙuri, amma duka biyun sun bar dukiyar da ke gida. Tanin ɗin nan shi ne abin da majema ke samu daga bagaruwa, kuma dukawa sun daɗe da sanin cewa ruwan da ƙarfe ya jiƙa a ciki yana baƙanta fatar da aka jeme. Aikin ɗaya ne, wuri ne kawai ya sauya. Saboda haka kalmar ita ce "jimar ƙarfe", ruwan kuma "majemin ƙarfe".

Malamar Kimiyya: Malam, hujjar tana da kyau, sai dai tsatsar ce ake sauyawa, ba ƙarfen ba, kuma wasu nau'o'in ruwan sun dogara ne da asid ɗin fosforik, wanda babu ruwansa da bagaruwa.

Malamin Harshe: To a ce "jimar tsatsa". Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne mu wayi gari ana cewa "kwanbata" a rediyo, alhali kakanninmu sun san wannan ilimi tun kafin a ƙera na'urar wasa ta farko.

Tsohon Mai Walda: Malam, ba wanda ya ce "kwanbata" a nan sai kai. Kuma idan yaro ya je kasuwa ya ce a ba shi majemin ƙarfe, layin 'yan fata za a nuna masa. Ku masu littafi kuna ƙirƙirar kalma, mu ake bari da kunyar furta ta.

Malamin Harshe: Baba, da haka aka yi ta tsoro, da ba mu da "jirgin sama".

Mai Fassara: Allah ya huci zuciyar manya, lokaci ne ke korata. Zan ce "maganin kashe tsatsa", in biyo da bayanin Malama cewa yana mayar da ita baƙin shafe, kuma dole a bi shi da fenti bayan ya bushe, in ba haka ba danshi ya dawo da ita. Zan ambaci misalin bagaruwa sau ɗaya.

Malamin Harshe: Ba a kashe abin da ba shi da rai, amma shirinka ne. Ni dai "jimar tsatsa" zan ci gaba da rubutawa.

Tsohon Mai Walda: Ka ƙara musu da cewa kada su shafa shi a cikin injin da ke tantance kuɗin, domin kaurin shafen zai hana tsabar zamewa. Wannan gogewa kawai yake so.